Ranar da Injiniya Ya Turo Kekensa

Ina tsugune ina ɗaure wayoyin wata taya sai na ji ƙarar sarƙa a bayana, irin wadda keke ke yi in ana tura shi ba a hau ba. Na waiwaya. Injiniya ne, maƙwabcina, ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Talata, lokacin da ya kamata a ce ya yi awa uku a wurin aiki.

Na miƙe na matsa tayar gaba, na matsa ta baya. Duk biyun tam suke.

"Me ya samu keken?"

"Keken lafiyarsa lau," ya ce. "Mai keken ne. Matsa min benci."

Na kawar da sifanoni ya zauna. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, alhali ranar ba ta yi wani zafi ba. Ya cire hular kwano ya ɗora a cinya.

"Sugan ne ya faɗi?"

"Haka na zata. Na tsaya a kan gada na ci dabino uku, na jira, na gwada. Na'ura ta nuna bakwai. Yau suga ba shi da laifi." Ya shafa muƙamuƙinsa, ya gangaro da hannun zuwa ƙirji. "Wani abu ne ya tokare min nan, kamar na haɗiyi burodi ba ruwa. Ina jin waken safe ne."

"Tun daga gada ka turo shi?"

"To, in bar shi can a ɗauke?"

Daga gada zuwa layinmu kilomita biyar ne.

Shekara goma sha huɗu katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Rumfata ta gyaran keke a ƙofar gidana take, saboda haka duk shigarsa da fitarsa a kan idona. A gidan ruwa na bayan gari yake aiki. Mu ne muka laƙaba masa Injiniya. Shi kuwa cewa yake aikinsa bai wuce ya kunna famfo ya kashe famfo ya saurari kukan inji ba. Gidansa ɗaki uku ne da baranda mai matakala uku. A ciki akwai matarsa, malamar firamare, wadda kowa ke ce wa Malama. 'Yarsu ɗaya tana karatu a wani gari. Sai wansa, wanda duk layin ke kira Yaya, har da waɗanda suka girme shi.

Yaya direban babbar mota ne a da. Ciwon suga ya fara cinye masa 'yan yatsu, sannan ƙafar hagu daga gwiwa, daga baya ya tafi da idanu. Bakin ne kawai bai taɓa ba. Kullum da safe kafin ya fita, Injiniya zai goya shi daga ɗaki zuwa banɗaki, ya jira, ya goya shi zuwa kujerar baranda. Nan Yaya ke wuni da rediyonsa, yana gane masu wucewa da takunsu, yana tsokanar kowa. Da yamma a sake goya shi ciki.

Shekara biyu da suka wuce aka gaya wa Injiniya shi ma ya kamu. Bai gaya wa kowa ba sai da ya yi sati. Ranar da na ji, da keke ya zo min, wani tsoho mai giya shida da ya karɓa a wurin abokin aikinsa, sarƙar ta yi tsatsa, sirdin ya tsage.

"Zai kai ni gidan ruwa?"

Na dubi keken, na dubi tumbinsa. A lokacin in ya sunkuya ɗaura takalmi sai ya ɗauke numfashi.

"Keken zai kai. Kai ne ban sani ba. Kilomita goma sha ɗaya ne fa, ga tudun bayan gada."

"Jiya na goyo Yaya, a matakala ta biyu gwiwata ta yi rawa," ya ce. "Saura kaɗan mu zube. In na zama kamarsa, wa zai goyi wa?"

Yaya yana jin mu daga baranda. "Me kuke ƙullawa?"

"Keke na samo, Yaya. Mai giya."

"Giya? Da tsufanka? An ce ka bar suga sai ka koma giya?"

Na gyara masa keken a kwana biyu. Na sa sabuwar sarƙa da robar birki, na ɗaga sirdin har ƙafarsa ta riƙa miƙewa in feda ta kai ƙasa. Na ce masa kada ya yi kokawa da babbar giya, ya sa mai sauƙi ya riƙa juya ƙafa da sauri, gwiwa za ta gode masa. Wannan shi ne iya abin da na sani. Sauran a wurin nas ɗin asibitin unguwa ya samo, wata mata mai faɗa da yake jin tsoro fiye da shugabansa na wurin aiki.

Satin farko zagaye layi kawai ya yi, yana haki, mata na leƙe ta taga. Sati na uku ya kai gada ya dawo. Sai da ya yi wata biyu kafin ya fara zuwa aiki a kai, shi ma kwana biyu a sati, kuma a tudu sauka yake ya tura. Ya sayi takalmi mai rufi, don nas ta ce mai suga ba ya taka feda da silifa. Kowace yamma zai zauna a matakala ya cire safa ya duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, har tsakanin yatsu, da ɗan madubin Malama.

Cin abincinsa ya zama abin kallo. Da safe ƙwai biyu, wake cikin ƙaramin kwano, burodi yanka ɗaya, shayi ba suga. Shinkafar rana ya rage ta zuwa abin da zai cika tafin hannu, ya cike gurbin da ganye da kifi. A jakar bayansa kullum akwai gorar ruwa, gyaɗa, dabino uku a ƙulle da na'urar gwaji. Lemon kwalba da yake sha biyu a rana ya daina kallon inda yake.

Sau ɗaya abin ya kusa kayar da shi. Wata na biyar, ya dawo aiki ya tsaya a rumfata yana min magana ba kai ba gindi, ya kasa sa keken a tsaye. Matata ce ta gane, ta dama suga a kofi muka ɗura masa. Washegari nas ta wanke shi tas. Ta ce jikin da ke taka keke awa biyu a rana ba ya buƙatar ƙwayar da aka rubuta wa jikin da ke zaune a mota, me ya hana shi zuwa a rage masa? Aka rage. Ta kuma koya masa ya ci wani abu kaɗan kafin ya taso daga aiki, kada ya hau da cikin da ya wuni. Bai sake faɗuwa ba.

Kafin shekara ta zagayo ya huda bel ɗinsa sau uku da ƙusata. Yana hawa tudun nan bai sauka ba, kwana biyar a sati. Lambar suga da ke kaiwa sha shida da safe ta dawo bakwai, wani lokaci shida. Yana goya Yaya yana hira, ba haki.

Yaya dai bai fasa ba. Yakan aiki masu wucewa su sayo masa alawa ya ɓoye a ƙarƙashin matashi, in Malama ta gano ya ce ta baƙi ce. In ya ji ƙamshin abincin ƙaninsa sai ya ce, "Malama, akuyar nan taki ta ci ganyenta?" Wata rana kuma, ba wasa a muryarsa, na ji ya ce masa, "Ka kyauta. Gemuna ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni ba wanda na gani a gabana."

To wannan mutumin ne zaune a bencina ranar Talata yana shafa ƙirji.

"Tashi mu je asibiti," na ce.

"Bari in huta. In na yi gyatsa zai wuce."

"Ka yi gyatsar a mota."

Na kira mai tasi na bayan layinmu, na kira Malama a makaranta. Kafin motar ta iso, Yaya ya ɗago kai daga baranda ya rage rediyo.

"Wa nake ji kamar ƙanina?"

"Ni ne, Yaya. Inji ya tsaya, aka sallame mu."

"Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Me ya same ka?"

"Ciki ne. Za mu je a duba mu dawo."

Yaya ya miƙa hannu. Ya kashe rediyon gaba ɗaya.

A babban asibiti ba su bar mu mun zauna a layi ba. Wadda ta auna shi ta dubi takardar da ta fito daga na'ura, ta kira wani, wanin ya kira wata, sai ga shi a kan gado ana tura shi. Malama ta iso da alli a hannun rigarta. Bayan kamar awa ɗaya likita ta fito, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsu da yawa ba. Ta ce zuciya ce, jijiya ta toshe, kuma da alama ba yau abin ya fara ba.

"Bai taɓa cewa ƙirjinsa na ciwo ba," in ji Malama.

"Masu suga sukan yi haka, Mama. Zuciyar tana wahala amma ciwon ba ya fitowa sosai. Sai gajiya, ko zufa, ko mutum ya ce ciki ne."

"Keken ne ya jawo?"

Likita ta ce, "Toshewar nan ta shekaru ce, ta riga keken. Ban ce miki ga abin da zai faru da bai hau ba. Amma na ga waɗanda ba su iso nan da ƙafarsu ba."

Da aka bar mu muka shiga, ya amsa cewa tun ranar Asabar tudun ya yi masa tsawo. Ya ce ya zata iska ce ta yi kaɗan a taya. Malama ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta rufe, ta gyara masa zanen gado.

Da yammar nan ni da mai tasi muka kinkimi Yaya da kujerarsa muka shigar. Washegari da safe mai tasi ya fita da wuri, sai ni kaɗai. Na juya wa Yaya baya na sunkuya, ya lalubo wuyana ya rataya. Ban san nauyin mutum ba sai ranar. Muka bugi ƙofa, muka ture bokiti, kafin mu kai baranda bayana ya amsa.

"Kai mai faci, buhu ka ɗauko ko mutum?"

"Buhu ba ya surutu, Yaya."

"Shi in ya ɗauke ni ko rediyona ba ya girgiza." Ya gyara zama. "In ka je ka ce masa ya bar shagwaɓa ya dawo. Ka ce na ce gadon asibiti nawa ne, na riga shi."

Da la'asar na je. An sa masa robar iska a hanci, ga wayoyi a ƙirji. 'Yarsu ta iso tana zaune a gefe tana ɓare masa lemo, yana ƙirga ɓangarorin da zai ci. Ya ga yadda nake tafiya a karkace.

"Ka sunkuya ne," ya ce.

"To da yaya zan yi?"

"Durƙusawa ake yi. Ka zaunar da shi a bakin gado, ka durƙusa a gabansa, bayanka a miƙe. Hannunsa na dama ta kan kafaɗarka, na hagu ta ƙarƙashin hammata, ya haɗa su a ƙirjinka. In ya riƙe wuya zai shaƙe ka. Sai ka tashi da cinya. A matakala ka riƙa faɗa masa lamba, ba ya son a sauke shi bai sani ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ka duba masa ƙafar nan ɗaya da ta rage, tsakanin yatsu. Zai ce ba komai. Kada ka yarda."

"Kai za ka dawo ka duba abinka."

"I, amma kafin nan." Ya juya ga 'yarsa. "Uku na ci ko huɗu?"

"Uku, Baba."

"To ya isa."

Na ba shi saƙon Yaya. Ya yi dariya har na'urar da ke gefensa ta yi ƙara, nas ta leƙo ta harare ni. Ya tambaye ni ko na shigar da keken daga rana. Na ce yana cikin rumfa. Ya ce giya ta uku tana tsalle, in duba. Daga nan aka ce masu dubiya su fita.

Ranar Alhamis na durƙusa kamar yadda ya ce. Abin ya zo da sauƙi. Na faɗa wa Yaya lamba a matakala, ɗaya, biyu, uku, na zaunar da shi, na cire masa safa na duba yatsun. Ina mayar da safar wayata ta yi ƙara a aljihu. 'Yar Injiniya ce. Maganar ba ta yi tsawo ba. Ta ce ya sha shayinsa, ya ce a buɗe masa taga, mamanta ta juya ta buɗe, ta juyo ta tarar ya cika.

Na ce, "To. Ga mu nan." Na mayar da wayar.

Yaya yana fuskantar titi. "Yaushe?" ya ce.

"Yanzu. Ba a yi minti goma ba."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba gefen kujera ya samo hularsa ya sa. "Ƙarasa sa min safar," ya ce. "Mutane za su zo."

Kafin yamma aka binne shi. Abokan aikinsa sun zo cikin motar gidan ruwa, su goma sha wani abu, da rigunan aikinsu. Kwana uku baranda da ƙofar gida ba wurin taka ƙafa. Ni ina gefe ina jera benci, ina jin abin da ake cewa. Wani mai shago ya ce ai tun farko ya san za a rina, mutum ya haura hamsin ya ce zai yi tsere da motoci. Wani ya ce yunwa ce, mutum ya hana kansa abinci har ya zama kamar sanda. Wani abokin aikinsa ya ce ƙarya ne, a cikinsu duka ba mai hawa benen tanki kamarsa. Suka yi ta yi a hankali, kowa na kawo wani da ya sani wanda ya yi kaza ya mutu, ko ya ƙi yin kaza ya rayu.

Mai shagon ya juya ga Yaya. "Ko ba haka ba, Yaya? Kai ga ka nan, ba keke ba ganye."

"Ga ni nan," in ji Yaya. "Shekara da shekaru yana ɗauka ta bai taɓa kayar da ni ba. Kai zo ka gwada sau ɗaya."

Wani ya tambayi ƙarfe nawa.

Bayan an watse Malama ta kawo min jakar bayansa ta ce in cire kayan gyaran da ke ciki, ita ba ta san amfaninsu ba. Na cire ɗan famfon iska da sifana biyu da faci. Sauran na mayar mata. Keken kuwa ta ce ya zauna a wurina tukuna, ba ta son ganinsa a tsakar gida, ba ta kuma son a sayar. Na duba giya ta ukun. Waya ce ta saki. Na ɗaure, na rataye shi a bango.

Na ci gaba da goyon Yaya safe da yamma. Sati biyu na yi, bayana ya ƙi. Matata ta ce in na kwanta wa zai goye ni. Mai tasi yana taimakawa in yana gida, amma ba kullum yake gida ba. Akwai ranar da Yaya ya wuni a ɗaki, muna jin rediyonsa ta taga. Da na shiga ba shi haƙuri ya ce ba komai, duhun ɗaki da na baranda duk ɗaya ne a wurinsa, iska ce kawai ta bambanta. Malama ta koma makaranta. 'Yarsu ta koma karatu bayan an sha fama da ita.

Wata Asabar da safe motar gidan ruwa ta tsaya a ƙofar gidan. Mutum biyu suka sauke katako da siminti, suka yi gangara a gefen matakala, mai faɗin ƙofa. Suka sauko da keken guragu, tsoho, na mahaifin ɗayansu da ya rasu. Ba su daɗe ba, sun ce suna da aiki. Da simintin ya bushe bayan kwana biyu Malama ta ɗora Yaya a keken guragun da taimakon matata, ta turo shi har rumfata, yana ja gefe ɗaya. Tayar hagu ba iska.

"Mai faci, an ce ka iya aiki," in ji Yaya. "Ga motata. Kada ka sa min kayan jabu."

Muka zaunar da shi a benci. Na kwantar da keken guragun, na zare tub daga cikin tayar, na ba shi iska, na jawo bahon ruwa. Malama ta duba agogo ta ce za ta makara, ta tafi. Yaya ya dafa benci da hannu biyu, ya juya fuska wajen titi inda masu tafiya aiki ke wucewa, wasu a ƙafa, wasu a babur. Bai tsokani kowa ba.

Na riƙa nutsa tub ɗin a ruwa ina juyawa kaɗan kaɗan. Can kusa da bawul, inda ake ba shi iska, wasu 'yan ƙananan kumfa suka fara tasowa a jere, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora yatsa a wurin.